Cikin da Gwaggo Ta Gani

Daga Tambari a Sakkwato, zuwa ga yayata Mariyatu a Wurno.

Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarki da ta yara, Yaya, ina tambayarki: tun yaushe ciwon nono ya zama shaidar kisan kai? Allah shi gafarta Malam Abdulwahabu, maigidan Yaya, na san kai ne mai karanta mata. Rubutuna na wanda ya koya wa kansa ne da tsinke a ƙasa, ka yi haƙuri da karkatarsa, amma kada kunya ta sa ka tsallake kalma ɗaya.

Matata Sakinatu ba ta gidana. Mahaifinta ya aiko an tafi da ita.

Ga yadda anka yi. Tun da ta tare, duk wata idan fashin sallarta ya matso, nonuwanta kan kumbura su yi nauyi da tsami, ko ɗaurin zane ba ta so. Kan nonon kuma ya yi ta ƙaiƙayi, ta ɓuya bayan ƙofa tana susa. Jini na zowa, abin ya sake ta. Ni da nake ɗaki ɗaya da ita na san haka.

Gwaggo Lantana ta gan ta tana daka tana dafe ƙirji, sai ta buga guɗa wai amarya ta samu. Sakinatu ta ce ba ta da komai, mata sunka yi dariya. Kin san al'adarmu, mai cikin fari ba ta amsawa, musu shi ne kunyarta. To mi za ta ce su yarda? In ta yi shiru, ciki ne. In ta musa, ciki ne mai tarbiyya.

Da jini ya zo, Gwaggo ta ce ɓari ne, anka yi jaje har da kunun kanwa. Wata na biyu haka, na uku haka. Sai a wajen sunan gidan maƙwabcinmu Maigandi, gaban matan unguwa, Gwaggo ta ce ɓarin duk wata ba na Allah ba ne, yarinyar jiƙo take sha tana zubarwa. Jiƙon citta ne na ciwon mara, ni na sayo da hannuna! Na tafi na gaya wa Gwaggo, ta ce namiji mai ɗaurin fata a kantin Nasara mi ya sani ga jikin mace.

Yaya, na tuna kina budurwa, akwai kwanakin da ba ki yarda ƙanenmu ya haye miki ƙirji, Inna tana shafa miki man kaɗe. Ki gaya mini gaskiya, abin nan ne ko ba shi ba?

Ki gai da yara. Wassalam.
Ƙaninki, Tambari.

*

Daga Tambari zuwa ga Yaya Mariyatu.

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Takardarki ta iso hannun mai jakai, Allah shi saka. Malam, na gode da ka daure ka rubuta.

Kin ce har yau kina yi bayan haihuwa huɗu, kuma marigayiya Inna ma ta yi. Kin ce jiki ne kan yi shiri duk wata kamar mai jiran baƙo, ruwa ya taru a nono ya ja fata, shi ne tsamin da ƙaiƙayin, in baƙo bai zo ba shiri ya watse. Kin ce zufa da kaushin sabon zane da sabulun salo mai ƙarfi suna ƙara susar. Abin tsoro, in ji ki, shi ne ƙullutun da ba ya tafiya bayan wanka, ko kan nono ya riƙa fitar da jini. Na aika ƙanwarta ta tambaye ta, babu ko ɗaya, alhamdulillahi.

An bar ni na gan ta a zauren mahaifinta. Ta rame. Ba ta zuwa biki, ba ta leƙa maƙwabta, don mata kan janye jariransu in ta miƙa hannu. Na karanta mata takardarki, ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ta ce ashe ba ita kaɗai ba ce. Yaya, duk watannin nan ta fara zaton ko da gaske wani abu ke mutuwa a cikinta. Wannan ne ya hana ni cin abinci.

Mahaifinta ya ce ɗiyarsa ba ta komawa gidana, tunda an kira ta mai kisa, sai an wanke ta inda anka ɓata ta. Ban ga laifinsa ba. Na kai wa Gwaggo takardar, ta ce takarda ba ta da ido balle kunya, wai ita ta ji tsoro ne kada zuriyar ɗan'uwanta ta ƙare. Na yarda son jika ne ya kai ta. Amma so ba ya halatta ƙazafi.

Kin ce abin kunya ne ki faɗa da bakinki. Na sani. Matan da sunka zauna a tsakar gidan Maigandi ranar suna, na rantse rabinsu suna susa a ɓoye, kuma kowace ta yi gum ta bar yarinya ta ɗauki nauyin ita kaɗai.

Bayan Sallah za a ɗaura auren ɗiyar Maigandi, matan duka za su taru. Ni ba ni da ikon shiga cikinsu, ke kina da shi. Ki zo, zan aiko da jaki. Ki tsaya ki faɗi abin da kinka rubuto, sannan ki tambayi Gwaggo da ƙarfi yadda na ƙofa za su ji: wane ciki ta gani, wace ungozoma ta taɓa shi? Ban yarda ta ja ki ɗaki ta ba da haƙuri a kunne ba. Gaban jama'a ta faɗa, gaban jama'a za ta amsa.

Ina jiran ranar tasowarki. Wassalam.
Ƙaninki, Tambari.