Na Ce Wa Baba Kokowa Ce, Ya Ce Karatu Ma Kokowa Ne

Salamu alaikum mutanen wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya cak.

Ni ɗan Malanville ne, babana albasa yake sayarwa a babbar kasuwa, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, ya wuce jami'a. Harkar kasuwanci nake karanta a wata jami'a can kudu. Tun ina yaro nake kokowa, in an gama girbin shinkafa mukan hau babur mu tafi Madécali ko Toumboutou mu yi ta kayar da juna, baba bai taɓa zuwa kallo ba, a wurinsa wannan aikin marasa sana'a ne. Ina isa jami'a mai horar da 'yan wasa, wanda muke kira antirena, ya ƙare wa kafaɗuna kallo, ya tambaye ni ko daga arewa nake, shi ke nan na shiga 'yan kokowar makaranta. Aka ba ni gado a ɗakin kwanan ɗalibai da abinci, abin da wasu ke nema ido rufe. Atisaye safe da yamma, yau muna wannan gari gobe muna wancan, darasi yana ta wuce ni. In na yi ƙorafi sai antirena ya ce kar in damu, makaranta ta san da mu.

Bara aka yi gasar jami'o'i, na kayar da kowa. Shugaban makaranta ya rungume ni, ya yi dogon jawabi wai wasanni rabin ilimi ne, aka manna hotona a bakin ƙofa. Mai karanta labaran Hausa a rediyon garinmu kuma ya ce ɗan Alhaji wane ya zama zakaran jami'o'in ƙasa baki ɗaya, bai faɗi zakaran mene ba. Baba na rumfa ya ji da kunnensa. Kafin la'asar an yanka rago, dangi har daga Guéné sun zo barka, wai ɗan Alhaji ya fi kowa karatu. Na kira shi na ce baba kokowa fa aka yi. Ya yi dariya ya ce, "To mi? Karatu ma ai kokowa ne, ɗana. Allah shi ƙara buɗi." Na sake yi masa bayani, ya ce in bar ƙasƙantar da kaina, ya miƙa wa wani wayar ya yi min barka.

Bana ana tsakiyar wani wasa gwiwata ta dama ta yi ƙara. Likita ya ce jijiya ce ta yage, in na huta za ta kama, in na koma fili yanzu ina iya ɗingishi har ƙarshen rayuwata. Ina jinya sakamako ya fito, na faɗi, karo na biyu ke nan a aji ɗaya, kuma dokar makarantar kora ce. Na bi malamai ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce shi takarda yake dubawa ba ƙwanji ba, kuma bai yi ƙarya ba. Na koma wurin antirena, ya ce zai iya roƙa min a sake rubuta sunana, amma sai in zan kare kambuna a gasa mai zuwa, in ba haka ba da wane baki zai yi magana. Na tuna masa alkawarinsa, ya tuna min gado da abinci, muka rabu dutse a hannun riga. Har yanzu ban gane wace ce makarantar ba, mai jawabin nan, ko malamin nan mai jan biro, ko shi antirena.

Yanzu ina gida hutu. Ban yi kuka ba, haushin kowa ma ba na ji, abinci in an ba ni in ci, in ba a ba ni ba ba na tambaya. Nakan zauna kusa da gada in yi ta kallon manyan motoci har rana ta juya. Mutane su wuce su ce Zakara, in ɗaga musu hannu. Inna ce kaɗai ta gane, tana shafa min man kaɗanya tana cewa, "Ba a saida ƙahwa kasuwa." Baba kuwa ya ɗauka daga babur na faɗo. Jiya ya tara ƙannena a gabana ya ce duk wanda bai bi sahuna ba, ba shi ba shi.

A filinmu in ka kayar da mutum, kai za ka kama hannunsa ka tashe shi, ko sunansa ba ka sani ba. Na zaci a jami'a ma haka ake yi.

Antirena na jiran amsata kafin a koma. 'Yan uwa in ba shi gwiwar in riƙe karatun, ko in riƙe ƙafata in zaunar da baba in rantse masa cewa kokowar nan ta kayar da mutum a ƙasa ce da gaske, ba ta karatu ba?