Barewar da Ban Harba Ba

Kawu Sale,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Ya ƙafar taka, ya Inna Hauwa da yara, ya damina? Mu nan Dagenham ta Ingila lafiya lau.

Kawu, kunya ce ta sa ni rubutu. Wani Bature abokin aikina ya kai ni farautar barewa a bayan gari. Tun a mota nake cika baki, wai a gidan mafarauta na tashi. Da muka hango wata na ɗaga bindiga, sai mai kula da dajin ya dafa hannuna ya ce, "Mace ce, tana shayarwa, doka ta hana a waɗannan watannin." Na duba, ga ɗanta kwance cikin ciyawa.

Ban yi musu ba, har haƙuri na ba shi. Amma ranar da ka ƙwace mini bindiga a gida don kada in harbi gada mai ciki, a gaban jama'a na ce camfin tsofaffi ne. Ashe maganarka ce dai, sai da ta fito daga bakin Bature na ji ta.

Haƙurin nan naka ne tun tuni, Kawu. Ka yafe mini, ka sa ni a addu'a. A gaida Inna.

Ɗanka,
Habibu