Amsar da Nake Ba Baba Dikon

Yaya,

Saƙonki ya iso: Baba Dikon, mai hidimar majami'armu, ya faɗi ranar Laraba yana jera kujeru, kuma har yanzu bai yi magana ba. Ina gaishe ki, ki gaishe mini da Mama. Yaya ƙafarta? Yaya yara?

Ni lafiya lau. Aikin wanki a otal yana nan. Tururi ya ɗan taɓa mini ƙirji, amma kada Mama ta ji.

Fasto ya ce in rubuta jawabin girmama Baba Dikon, tunda na yi aikin jarida. Abin da na sani tabbatacce ne. Shekara talatin da ɗaya yana tsayawa a bakin ƙofa yana lura da waɗanda ba su zo ba, ranar Litinin ya hau kekensa ya bi su gida-gida. Ba ya yi wa kowa faɗa. Sai dai ya ce, "Jiya mun gaisa da kujerarka."

Da na yi nisa, sai ya koma waya. Kowace Litinin: "Ɗan jarida, ka je sujada?" In ce na je. Ya ce, "Madalla, ka hutar da kekena." Yaya, shekara huɗu ke nan ban taka majami'a ba. Da farko aikin Lahadi ne ya hana ni. Yanzu ko an ba ni hutu, addu'ar ba ta fitowa.

Jawabin ya gagare ni. Roƙon ƙaninki ɗaya ne, Allah ya saka miki: ki kara masa waya a kunne, in gaya masa gaskiya.

Na san likita bai tabbatar ko yana ji ba tukuna.