An Juya wa Makahon Karena Ƙofa

Zuwa ga:
Misis Rosalind Featherby,
Shugabar Sashen Kula da Sansanoni,
Ƙungiyar Masu Hutun Karaban ta Gaɓar Gabas,
York.

Daga:
Maureen Pickersgill,
Lamba 9, Layin Tenter Croft,
Barnsley.

Kwanan wata: 4 ga Agusta, 2025

Game da: Tilasta mini juya karaban ɗina a fili mai lamba 17, sansanin Kittle Ness, da halin da hakan ya jefa karena

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi gare ki. Rubuta wa ofis takarda ba halina ba ne. Shekaruna saba'in da ɗaya, kuma tun da na shiga wannan ƙungiya ban taɓa kai ƙarar kowa ba, har shekarar da famfon wanka ya yi bazara guda yana zubo mana ruwan sanyi. Amma wannan karon na gaji, kuma abin ba ni kaɗai ya shafa ba.

Ina da kare mai suna Moss, shekararsa goma sha huɗu, kuma ya makance shekara uku ke nan. Tun yana ɗan kwikwiyo muke zuwa Kittle Ness da shi kowace bazara, kuma kullum fili na 17 muke kamawa, na ƙarshe a layin, wanda ke jikin shinge. Idan na shigar da karaban ɗin, wato ɗan ɗakin kwanan da nake ja da mota, hancinsa, inda ake ƙulla shi da motar, yana gaba, ƙofarsa takan kalli shingen. Sai Moss ya sauko, ya jingina kafaɗarsa da ganye, ya bi shi har ƙaramar ƙofar da ke fita tudun yashi, daga nan warin teku ya ja shi. Igiya tana hannuna saboda doka, amma shi ne a gaba. A gida ko'ina sai an kai shi. Kittle Ness ne kaɗai wurin da ya rage masa da yake tafiya ba ɗan jagora. Tsohon mai kula da sansanin, Mista Hallam, ya san da haka, kuma har ya yi ritaya bai taɓa hana ni ajiye karaban haka ba.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. Ranar Asabar, 12 ga Yuli, 2025, na iso na ajiye karaban kamar yadda na saba, na haɗa wuta, na ɗora butar shayi. Ruwan bai tafasa ba sai ga sabon mai kula da sansanin, Mista Craig Tindall, yana ƙwanƙwasa ƙofa. Ya nuna mini farin turken da ke ƙarshen filin, ya ce ƙa'ida ita ce a shiga da baya, kusurwar baya ta tsaya daidai turke, hanci ya kalli hanya. Na yi masa bayanin Moss dalla-dalla. Amsar da ya ba ni ita ce, "Na ji ki, Mama, amma in na bar ki, gobe kowa zai zo min da nasa karen da nasa labarin." Ni ba mamarsa ba ce, amma wannan na ƙyale shi.

2. Ban musa cewa ƙa'idar tana da dalili ba. Idan gobara ta tashi, ana so a iya kama hancin karaban a janye shi da sauri. Na san wannan, tsufan bai kai ni can ba tukuna. Abin da na roƙa kawai shi ne ya kira ofishinku ya tambaya ko akwai sassauci ga fili na ƙarshe, wanda ba shi da maƙwabci a gefe ɗaya. Ya ce ofis a rufe yake ranar Asabar. Na ce to a bar ni zuwa Litinin. Ya ce ba zai yiwu ba.

3. Haka na juya karaban ɗin ana yayyafi. Kin san halinmu, ranki ya daɗe: duk layin kowa yana bayan labulensa da kofin shayi a hannu yana kallo, yana nuna kamar ba kallo yake ba. Mutum ɗaya ne ya fito, Mista Oddie na fili na 16, da silifas a ƙafarsa, ya taya ni turawa. Har ya ce wa Mista Tindall, "Haba Craig, ni ne maƙwabcin nan fa, ni ban damu ba. Bar baiwar Allah da tsohon karenta mana." Bai yi amfani ba.

4. Washegari da safe na buɗe ƙofa kafin in ɗaura wa Moss igiya, kamar yadda na yi shekara da shekaru, tun da a da babu komai a gaban ƙofar sai ganye. Ya sauko, ya juya inda ya saba juyawa, ya miƙa kafaɗa yana neman shinge, babu shinge. Ya ci karo da sandar da ake jona wutar lantarki, goshinsa ya fashe. Ya ruɗe, ya harɗe da igiyoyin rumfar Mista Oddie, ya kuɓuce, ya faɗa kan hanyar sansanin. Allah ya taimaka mai motar kawo burodi a hankali yake tafiya, ya taka birki. Na same shi tsaye a tsakiyar hanya, jini na shiga idon da ba ya gani da shi, yana juya kai hagu da dama. Adalci ya sa in faɗa cewa Mista Tindall ya rugo da auduga da magani. Sannan, audugar tana hannunsa, ya tuna mini cewa doka ta hana sakin kare ba igiya, kuma wannan shi ne gargaɗina na farko.

5. Tun daga ranar Moss bai ƙara yarda ya taka matakalar karaban ba. Na lallashe shi, na ja shi, na ajiye masa tsiren naman da ya fi so a ƙasa, sai ya tsaya bakin ƙofa ya ƙame. Dole na riƙa ɗaukarsa ina fita da shi ina dawo da shi, kuma ba ƙaramin kare ba ne, bayana kuma ba na yarinya ba ne. Ranar Talata ban yi sauri ba, ya yi fitsari a ciki, abin da bai taɓa yi ba tun yana kwikwiyo. Ya cusa kansa ƙarƙashin kujera, ya ƙi fitowa har yamma. Duk wanda ya ce dabba ba ta jin kunya bai zauna da ita ba. Na zauna a ƙasa kusa da shi na yi kuka, ba na ɓoye miki. Ranar Laraba na haɗa kayana muka koma gida, ko bakin teku bai je ba.

6. Ranar 29 ga Yuli likitar dabbobi ta duba shi, ta ce ƙodarsa ta soma gazawa, kada in sa rai zai ga Kirsimeti. Na riga na kama fili na 17 na mako guda daga 20 ga Satumba. Na kira ofishinku don neman izini, wata yarinya mai ladabi ta ce duk maganar sassauta ƙa'ida sai kwamiti ya zauna, kwamitin kuma ba zai zauna ba sai watan Nuwamba.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ina roƙon ki cikin ladabi da ki ba ni izini a rubuce in ajiye karaban ɗina a fili na 17 ƙofarsa tana kallon shinge, na wannan makon kaɗai, kuma a sanar da Mista Tindall kafin in iso. Duk sharaɗin da kuka gindaya na yarda da shi. In tukunyar kashe gobara kuke so a bakin ƙofa zan saya, in kuma hana ni kunna murhu za ku yi, zan ci burodi da cuku har mako ya ƙare. Ba na neman a mayar mini da ko kwabo, ba na kuma neman a hukunta Mista Tindall. Yaro ne sabo a aiki, yana tsoron kada a ce ya yi sakaci.

Gaskiya ban ma san ko Moss zai yarda ya sauko ba, wataƙila tsoron ya riga ya zauna masa. So nake kawai in buɗe ƙofa ya ji ganye a gabansa, shi ya yanke wa kansa.

Idan kuwa babu yadda za a yi sai kwamiti ya zauna a Nuwamba, to ina roƙon kada a sa takardata cikin abin da za su tattauna, kada a ɓata wa manyan mutane lokaci. Zuwa lokacin ba za a sami wanda za a yi wa sassaucin ba.

Ina godiya da lokacin da kika ba wannan takarda. Allah ya ƙara girma.

Taki cikin ladabi da girmamawa,

Maureen Pickersgill (Misis)