Injuna Ɗari da Sittin

Litinin, 3 ga Maris
Saura mako huɗu in yi ritaya. Shekara talatin da biyar a ma'aikatar tsara tattalin arziki. Sakatariyata ta tambaye ni hoton da za a sa a katin bikin sallama, na ce ta zaɓi wanda ban ɗaure fuska ba. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ai babu shi." Mun yi dariya.

Laraba, 5 ga Maris
Matar Yaya ta kira. Ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. Ta ce, "Bai ce in kira ki ba, ni na ga ya dace."
Shekara goma sha tara tsakanina da shi sai gaisuwa. Tun rahoton da na rubuta, wanda gwamnati ta dogara da shi ta rufe masaƙa. Shi ne babban makanikensu. Da albashin wurin ya kai ni jami'a, ban manta ba. Amma asara masaƙar ke yi, me zan rubuta?

Asabar, 8 ga Maris
Asibiti. Gado na shida, jikin taga. Ya rame, baki ya karkace. Ya daɗe yana kallona, sannan da ƙyar: "Auta... kin yi furfura."
Tsofaffin abokan aikinsa biyu na zaune a gefen gado. Ɗaya ya ce, "Au, ita ce ta rahoton?" Yaya ya ɗaga hannunsa mai lafiya, mutumin ya haɗiye sauran.
Da ma ya bar shi ya faɗa.

Talata, 11 ga Maris
Na ba shi ruwa a cokali, rabi ya zube a wuyansa. Na ce, "Yaya, maganar masaƙa..." Ya lumshe ido. Ko barci ne, oho.

Juma'a, 14 ga Maris
Yaya ya rasu da hantsi. Ina ɗakin taro, wayata a kashe.

Alhamis, 27 ga Maris
Matarsa na kwashe kayansa, ta miƙo mini wani abu a leda. Rahotona ne, bangon ya yi baƙi da man inji. Ta ce sau uku ya karance shi, maƙwabcinsu malami na fassara masa wuraren da suka yi tsauri.
A shafi na arba'in da ɗaya na rubuta cewa cikin injunan saƙa ɗari huɗu, ɗari da ashirin ke aiki. Ya soke da fensir, ya rubuta a gefe: "Ɗari da sittin. Arba'in ni na tashe su da hannuna. Auta ba ta zo ta gani ba."
Gaskiya ne. Daga fayil ɗin manaja na kwafo. Minti ashirin ne daga ofis zuwa masaƙar a mota.

Litinin, 31 ga Maris
An yi bikin. Babban sakatare ya ce ba a taɓa kama ni da kuskuren lamba ba. Aka yi tafi. Na yi ta juya kofin da ke gabana.

Laraba, 2 ga Afrilu
Na ciro tsofaffin takardun, na sa ɗari da sittin a gurbin ɗari da ashirin. Ko da haka ne rufewa za a yi, na sani. Ina jin na sani. Na kai rabin shafi na ajiye biro.

Lahadi, 6 ga Afrilu
Kasuwa na fita, sai ga ni a ƙofar masaƙa. Maigadi ya ce, "Baiwar Allah, wa kike nema? Babu kowa." Na ce yayana ya yi aiki a nan. Ya buɗe mini.
Injunan suna nan jere, sun yi tsatsa, tattabaru sun yi sheƙa a kansu. Ba ƙirgawa na je yi ba. Na dai bi layi ina dafa su ɗaya bayan ɗaya.
Na kai tamanin da wani abu, idona ya daina gani sosai.