"Lafiya Lau" Ɗin Da Kuka Rubuta Ba Shaida Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Alƙalin kotun da ke riƙe da shari'ar mijina a ƙasar Gumel.

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce matar nan mai baƙin mayafi da ke tsayawa gabanka duk farkon wata. Da kakar bara aka kama mijina da ƙwaya a kasuwar Maigatari. Maimakon gidan yari, ka ce a riƙa kai shi asibiti, ana dawo da shi kana duba halinsa, ni kuma ka sa ni shaidar zamansa a gida. A lokacin har addu'a na yi maka. Yau kuwa raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Duk zama sai ka tambaye ni ko lafiya muke zaune, shi yana tsaye a gefena yana kallona. In ce lafiya lau, magatakarda ya rubuta. Haba Malam! Kai ma Bahaushe ne. Mutumin da ke kwance rai a hannun Allah, ka gaishe shi ka ji abin da zai ce. Yaushe amsar gaisuwa ta zama shaida?

Na biyu. Gaskiya ya rage ƙwaya, ban hana masa wannan ba. Amma dukan da yake mini bai ragu ba, kuma yanzu da hankalinsa yake yi. Ranar zama na huɗu, mun dawo daga kotu, muna sauka daga motar Gagarawa ya kwaɗa mini mari, wai na yi jinkiri kafin in amsa maka. Tun ranar kunnena na hagu ba ya ji. An auna jininsa, an auna fitsarinsa, ni ko fuskata ba wanda ya duba.

Na uku. An ce wata mai zuwa za ka rufe shari'ar a kan ya warke, bisa "lafiya lau" ɗina guda bakwai. Wato da bakina za a sallamo mini shi, ba mai sake tambaya.

Roƙona: kada ka rufe. Ka saurare ni ba ya wurin, ko ka sa wata mace ta ji ni. Sauran matan da ke zama a bencin kotun nan suna ba da shaidar mazajensu ma a yi musu haka.

Allah Ya ƙara maka basira, Ya kare ka daga ɗaukar alhaki. In ka sake tambayata a gabansa, wallahi lafiya lau zan ce, don gida ɗaya za mu koma. Sai dai a wannan karon ka riga ka sani.

Wassalam.
Matar wanda ake ƙara.