Kamu Goma Sha Biyu

Ƙaura Namoda, 4 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Saudat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Waya ta ƙi zama kwanakin nan, shi ya sa na ba Wakili direba wannan takarda.

Yaya, jirgin Baba ya tsaya da ƙafafunsa. Shekara biyu ina fama da gangar jikinsa a bayan shagon waldata, ran Talata na ɗaura masa fukafukan da Baba ya ƙera a zauren gidanmu na Zurmi kafin ya rasu. Sun zauna daram. Da na ja baya na dube shi sai da na yi hawaye, ban ɓoye miki ba.

Jiya muka tura shi filin ƙwallo na gwada gudu a ƙasa. Inji lafiya, farfela lafiya. Amma da ya ɗauki gudu sai ya riƙa karkata hagu, ina taka abin juya jela har ƙasa, kamar ba da shi nake ba. Sau uku ke nan. Masu kallo sun yi dariya har da mai riƙe ciki, wani ya ce in sa masa linzami.

Na koma littafin da Baba ya rubuta awon jikin jirgin. Ya ce daga hanci zuwa jela kamu goma sha biyu. Na sake aunawa da hannuna, gwiwar hannu zuwa kan yatsa, sha biyu cif. Ke ce malamar lissafi, ga zanen na haɗo miki, ki duba inda na kauce. Na aika wa hukumar kula da jiragen sama takardar neman izini, kuma da zarar an yanke dawa zan kai shi gonar abokina a hanyar Kasuwar Daji in ɗaga shi daga ƙasa, in Allah ya yarda.

Ƙanenki,
Hafiz

Shinkafi, 9 ga Oktoba

Ƙanena Hafiz,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaida kawunsu mai jirgi.

Na shimfiɗa zanenka a ofishin malamai na yi ta lissafi har aka buga ƙararrawar tashi ban ga kuskure ba. Sai da na sake karanta takardarka na ci karo da kalma ɗaya: "da hannuna". Hafiz, da hannun wa Baba ya auna?

Ka tuna sallar da ka ari rigarsa, hannun rigar ya haɗiye yatsunka, Inna ta naɗe maka shi sau uku? Baba sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Inna. Kai kuwa tsawon Inna ka ɗauko, ba zagi ba. Tun yana aikin kanikanci a gidan gyaran jirgin ƙasa nan Ƙaura yake cewa tef ana ara a ƙi maidowa, hannunsa kuwa ba mai ara. Da kamunsa ya rubuta littafin nan, ka zo ka ƙera da naka.

Ga abin da ya faru. Fukafukan na dogon mutum ne, jikin na gajere. Jelar ta matso kusa da fukafukai, don haka ba ta da ƙarfin juya shi. Ka je ka rage hannun famfon burtsatse ka ga ko ruwa zai zo da sauƙi. A ƙasa karkata ya yi aka yi dariya. A sama idan ya dunkufar da kai, ba abin da za ka taka ya ɗago.

Sai an yanke jikin an ƙara masa tsawo, sannan a matsar da inji gaba don nauyi ya daidaita. Kar ka hau shi a haka. Wannan ba shawara ba ce, yayarka ce ke magana.

Taka har kullum,
Saudat

Ƙaura Namoda, 15 ga Oktoba

Yaya Saudat,

Salamu alaikum. Na ga saƙo, kuma maganar tsawo ta iso inda kika aika ta.

Ƙila kina da gaskiya. To in ƙara nawa? Taƙi ɗaya, ko ƙafa uku? Littafin bai kawo awon fukafukai ba balle mu kwatanta, don ya gama su kafin ya fara rubutu. Rigunansa an yi sadaka da su ran bakwai. Telansa ya riga shi tafiya. Kowa na tambaya sai ya ɗaga hannu sama ya ce Malam Auwalu ai dogo ne, kamar da "dogo" ake yanka bututu.

Ba zan sa zarto a aikin shekara biyu a kan tsammani ba. Jikin da aka ƙara da ka ya fi gajeren haɗari, don wannan aƙalla na fara sanin halinsa. Zan faɗaɗa jelar in sake gwadawa. Ki kawo mini kamun Baba, ko inci ɗaya bai ɓace ba, a ranar zan yanke. In babu, ana yanke dawa ina gona.

Naki,
Hafiz

Shinkafi, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da ladabi, ina fata ƙafar ta yi sauƙi.

Inna, alfarma nake nema. Igiyar gugan da ke rijiyarmu, wadda Baba ya ƙulla wa ƙulli a kowane kamu don ya riƙa sanin zurfin ruwa, ita kaɗai ta rage a duniya da awon hannunsa. Hafiz ya ƙera jikin jirgin nan da nasa gajeren kamun, jirgin ba ya jin juyi, kuma ya ce bayan girbi zai hau shi a haka in ba a kawo masa awon Baba ba. Kin san in ya faɗi abu. Tsoro nake ji ƙwarai. Ki ba Wakili igiyar ran kasuwa ya kai masa, ni zan aiko miki da sabuwa.

'Yarki,
Saudat

Zurmi, 24 ga Oktoba

Malama,

Wa alaikumus salam. Ƙahwa da sauƙi, Alhamdu lillahi. Da hannuna nika rubutu, ki yi haƙuri da bokon ajin manya.

Ba ni bada igiya. Shekara bakwai babanku ya yi cikin zauren nan da ƙarahuna, tuwo shi huce, in ɗumama, shi sake hucewa. Ran da ciwo yat tsananta ya riƙe hannuna ya ce in Auta ya so ƙarasawa kar in hana shi. Na yi alkawali, kuma ban hana ba. Amma ban yi alkawalin in miƙa mai tsani da hannuna ba.

Kin ce in babu igiya shina hawa gajere. In na bada kuma shina hawa dogo. Duka sama ce. Ni ɗiya biyu gare ni, ba ni da na gwaji.

Sabuwar igiya ki riƙe abinki. Wagga kullum da sahe in na ja ruwa, hannuna na bin inda nashi yab bi. Ita kaɗai ta rage mini da shi da ba a raba ba.

Ki gaida maigida da jikokina.

Innarku,
Tasalla

Ƙaura Namoda, 2 ga Nuwamba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Na durƙusa ina gaishe ki. Yaya ta aiko mini da takardarki na karanta, na kuma karantawa.

Ran Alhamis na sake gwada shi da faffaɗar jela. Ya yi gudu sosai, sai ya juya da ni gaba ɗaya, fiffiken hagu ya goga ƙasa. Ni ko ƙwarzane babu, kar hankalinki ya tashi. Amma bakin fiffiken ya lotse, daidai inda Baba ya jera ƙusoshi da hannunsa. Na tsuguna ina shafa wurin, kunya ta rufe ni. Ya yi nasa aikin daidai, ni ne na ɗora shi a kan jikin da ba nasa ba, ina taurin kai.

Washegari na sa zarto na raba jikin biyu a bayan kujera. Yanzu yana kan benci, gaba daban, baya daban, ko akuya ba zai ɗauka ba. Na faɗa miki ne don ki san maganar hawa gajere ta mutu, ba wanda zai sake tsorata ki da ita. Ba zan ƙara masa tsawo da ka ba. In awon Baba ya zo, zan saka sabbin bututu a tsakani, in matsar da inji, in rataye shi a reshen darbejiya har nauyinsa ya tsaya daidai, Yaya ta zo ta duba, hukuma ta duba. In bai zo ba, zan rufe shi da tamfol in ci gaba da waldar ƙofofi.

Amma ba zan yi miki ƙarya in ce raina ya fita daga kansa ba. Ina so in gama shi, Inna. Ko shekara goma ce zan jira.

Autanki,
Hafiz

Zurmi, 8 ga Nuwamba

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah shi yi ma albarka.

Da takardakka ta zo na zauna bakin rijiya na jawo igiyar duka bisa cinyata ina ƙirga ƙulli. Ga na goma sha biyu akwai jar waya da babanku yan naɗa. Shekara uku tana karce mini tahin hannu, ina cewa alamar inda ruwa ka tsayawa da rani ce. Rijiyar nan ko da rani ba ta wuce kamu tara. Ashe ba ruwa yaka aunawa ba.

Ga ta nan cikin buhu wurin Wakili. Kar ka kwance ƙulli ko guda, kar ka bari wutar walda ta taɓa ta.

Aro na ba ka. Da gugan maƙwabta nika jan ruwa, kuma ka san ban son roƙo. In ka sauko ka kawo mini abina da ƙahwakka. Ba ni karɓa hannun Wakili.

Innarka,
Tasalla